Yaro Ya Yi Ɓarna, Wa Zai Biya?



Maganar samarinmu ce ta tara mu. Yaro ɗan shekara 15 zai koro shanu zuwa kasuwar Adetikofe, ya shagala da wasa, dabbobi su faɗa gonar rogon mutane. Wasu su ce yaro ne, a ƙyale shi. Mu ba mu yarda ba.

Ku tuna, a 1977 aka rushe tsohon Zangon cikin Lome, aka dawo da mu nan Aguwe. Amana ce ta riƙe mu. Mai gida ke tsaya wa baƙo, da sunansa ake sayen shanu bashi. Ɓarnar yaro ɗaya, Zango duka take shafa.

Shawararmu ita ce, yaro ya bi ubansa gaban mai gona, ya ba da haƙuri da bakinsa. Diyya a cire ta daga ladan kiwonsa. Ban da duka, ban da garajen kai shi wurin jandarma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uban da ya sakar wa ƙaramin yaro garke shi kaɗai kuwa, shi ma ya biya nasa kason.

Allah ya shirya mana zuri'a. Wassalam.