Rumbun Tsimi Ya Fi Aiken Kuɗi: Jawabi ga 'Yan'uwa Mazauna Kudu



Kowannenmu, daga mai cinikin goro a Shagamu har mai tura amalanke a Agege, yana aika kuɗi gida. To, ina kuɗin nan suke shiga? Da kaka manomi yakan sayar da hatsinsa da araha don ya biya bashi. In damina ta yi tsakiya, wajen watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sai ya koma kasuwa ya sayi hatsin nan da tsada. Ta haka guminmu yake ƙarewa a aljihun masu ɓoye hatsi, baɗi kuma a koma gidan jiya.

A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Nijeriya miliyan 133 suna cikin talauci, a karkara kuwa mutum 72 cikin kowane ɗari. Shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 da hukumar raya karkara ta 1986 duk sun zo sun wuce. Gayya da adashi da muka gada suna nan, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga shawarata. 'Yan gari ɗaya su kafa ƙungiyar taimakon kai da kai, su riƙa zubi kowane wata. Da kaka a sayi gero da dawa a zuba a rumbun ƙungiya can gida. Da damina a sayar wa mutanen gari da sauƙi, a ɗora 'yar riba kaɗan. Ribar nan ita za ta yashe rijiya, ta sayi taki, ta saya wa mata injin niƙa. Ƙauyuka da yawa a Jamhuriyar Nijar sun bi wannan hanya bayan farin 1973 da na 1984.

Amma a yi hattara. Rashin amana da bashin da ba a biya ba sun kashe irin waɗannan rumbuna da dama. Saboda haka a sa kwaɗo uku, makullansu a hannun mutum uku. A rubuta kowane buhu a littafi, a karanta lissafi a bainar jama'a duk Babbar Salla in mun je ganin gida. Ɗan maigari ma in ya ci bashi, ya biya.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin. Wassalam.