Lauyan Cikin Gida: Mai Tare Rigima Kafin Ta Kai Kotu

 Yau maganarmu a kan lauya ce, amma ba wanda ake nema bayan an kama mutum ba. Akwai lauyan da kamfani ke ɗauka aiki, yana cin albashi kamar akawu, yana zaune a ofis ɗaya da manaja. Shi ake kira lauyan cikin gida. Yawancin aikinsa yana ƙarewa ne kafin a sa hannu a takarda.

To, wannan aiki ba baƙo ba ne gare mu. Zamanin fataucin Gwanja, idan ayari ya sauka Salaga sayen goro, mai gida ke saukar da fatake, ya nemo dillali, ya tsaya wa baƙonsa kan bashi, malami kuma ya rubuta wasiƙa. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna Salaga kafin yaƙin 1892 ya tarwatsa garin, har littafi ya rubuta kan yadda ake tsara wasiƙu. Abin da mai gida da malami suka yi wa fatake, shi lauyan cikin gida ke yi wa kamfani yau.

Mu ɗauki misali. Kamfani na sayen kaɗanya da waken suya a Yendi, ya ba mata da manoma kafin alƙalami tun damina. Tambayoyin lauya ke nan: buhu nawa, kilo nawa a buhu? Idan kaya ya zo da danshi, wa zai auna, kuma a ina? Idan mota ta faɗi a hanyar Tamale, asarar wa? Dokar sayar da kaya ta Gana ta 1962 tana da amsa, amma idan kun yi shiru, amsar doka ba lalle ta yi maka daɗi ba. Gara ku rubuta taku.

Sai batun fili. Kamfanin na son gina sito. Sarki ya nuna wuri, an ba da goro, kowa ya yi murna. Lauya zai ce a dakata. Tsarin mulkin 1992 ya hana sayar da ƙasar sarauta sayarwa ta har abada, haya ce ake bayarwa, kuma wanda ba ɗan Gana ba, hayarsa ba ta wuce shekara 50 a karo ɗaya. Dole a bi ta Hukumar Filaye, bisa dokar filaye ta 2020. Amma lauyan da bai iya durƙusawa gaban fada ba, takardarsa ba za ta zaunar da kamfani lafiya ba.

Ku na Bawku, naku ya fi wuya. Gana ta gaji dokar Ingila. Togo da Burkina da Nijar kuwa suna bin dokar kasuwanci ɗaya da ake kira OHADA, wadda aka ƙulla a 1993, babbar kotunta tana Abijan. Ke nan idan ka sayi albasa ko shanu a can ka kawo nan, sai an fayyace: dokar wace ƙasa za a bi, a wace kotu, kuma da sidi za a biya ko da sefa? Ga shi tun Janairun 2025 Burkina da Mali da Nijar sun fita daga ECOWAS. Lauyan kirki yana bin labarin kwastan kamar yadda yake bin littafin doka. In ya iya Faransanci da Hausa bayan Turanci, to ya fi abokinsa daraja.

Wace ƙwarewa za ka duba in za ka ɗauka? Na ɗaya, ya san cinikin kansa, ya shiga sito, ya ga sikeli. Na biyu, ya iya bayani a taƙaice, yadda mai kuɗin da bai yi boko ba zai gane. Na uku, ya iya sulhu. Dokar 2010 ta ba da damar sasanci da yanke hukunci a wajen kotu, kuma abokin ciniki na shekara ashirin ya fi ƙarfin a rasa shi kan mota guda. Na huɗu, riƙon amana da ƙarfin hali. A dokar kamfanoni ta 2019, kamfani mutum ne mai zaman kansa. Shi lauya ke wa aiki, ba manaja ba. Ranar da manaja ya ce a ɓoye haraji, dole ya iya cewa a'a, ko da kujerarsa za ta girgiza.

Wani zai ce, Malam, ni ina na ga kuɗin albashin lauya? Ku haɗu a ƙungiya, 'yan albasa ko matan kaɗanya, ku riƙe lauya ɗaya ya tsara muku takardar ciniki da kowa zai yi amfani da ita. Kuma ku tabbata yana da lasisin aiki na bana.

Iyaye, yaronku da ke son karatun lauya, ku gaya masa akwai wannan hanyar.