Odar Sabuwar Mota ta Hannun Dillali: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Ba da Kuɗi



An nemi in yi bayanin yadda mutum ke ba da oda a ƙera masa sabuwar mota daidai da bukatarsa. Zan kafa misali da Amurka, inda dokokin jihohi da dama suka hana kamfanoni irin su Ford da Toyota sayar wa jama'a mota kai tsaye, sai ta hannun dillali mai lasisi.

Mai saye yakan zauna da dillali ya zaɓi samfurin mota, da girman inji, da irin giya, da launin fenti, da yadin kujeru. Zaɓin yana da iyaka, domin kamfani ya riga ya tsara abin da ke tafiya da wani abin. Idan an daidaita, sai mai saye ya ba da kafin alƙalami, dillali ya shigar da odar a kwamfutar kamfani, a ba shi lambar oda.

A nan ne jira yake farawa. Kowane dillali yana da kason motocin da kamfani ke ware masa, kuma wanda kasonsa ya ƙare, odarsa za ta kwanta har sai an sake rabo. Saboda haka tambayar farko ita ce: kana da gurbin wannan mota kuwa? Alamar cewa aiki ya kankama ita ce fitowar lambar shasi, wadda tun 1981 take da haruffa da lambobi 17. Jiran yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. A 2021, da aka yi ƙarancin 'yan ƙananan na'urorin lantarki da ake sa wa motoci, jira ya tsawaita, har wasu motocin suka iso babu wasu kayan da aka saba sa musu.

'Yan uwa, wannan ciniki ya yi kama da cinikin biri a sama. Daga ranar biyan kafin alƙalami zuwa ranar karɓar makulli, abin da mai saye ya mallaka takarda ce kawai. Don haka abubuwa uku su shiga cikinta a rubuce: cikakken farashi tare da haraji da kuɗin dako, da ko farashin zai iya canzawa kafin motar ta iso, da sharaɗin mayar da kafin alƙalami idan an saɓa alkawari.

Ranar da mota ta iso, kada ɗoki ya sa a yi gaggawar sa hannu. Tun 1958 dokar Amurka ta wajabta liƙa takarda a gilashin kowace sabuwar mota, mai nuna farashin kamfani da kayan da aka ƙara. A gwada ta da takardar oda layi bayan layi, a duba fenti, a tuƙa motar, sannan a cika kuɗi.

Wanda ya tara albashin shekaru ya san zafin kuɗinsa. Duk inda za ku biya kuɗin abin da ba ku gani ba, ku nemi a rubuta, ku karanta da kanku, ku riƙe kwafi.