Ma'aunin Sauti: Daga Sama Ya Sauko Ko Yarjejeniya Ce?



Abin da zan yi magana a kai shi ne wani zance da ke yawo a wayoyin 'ya'yanmu, wai kiɗan da aka saita a kan lamba 432 ya dace da tafiyar taurari, har yana warkar da cuta, na 440 kuwa cutarwa yake yi.

Mene ne wannan lamba? Idan aka kaɗa tsirkiya tana karkarwa, yawan karkarwar a sakan ɗaya shi ke sa sauti ya yi sama ko ƙasa. A fiyano akwai sautin da Turawa ke kira A, da shi ake daidaita sauran. A dā kowane gari da nasa, kamar yadda mudun wannan kasuwa yake saɓa wa na waccan. Faransa ta tsayar da 435 a 1859. A 1939 aka yi taro a Landan aka amince da 440, domin makaɗa su haɗu ba tare da saɓani ba.

Danganta kiɗa da sammai tsohon tunani ne. Ana jingina shi ga Fitagoras na Girka, kuma Alkindi na Bagadaza, a ƙarni na 9, ya kwatanta tsirkiyoyi huɗu na molon Larabawa da ɗabi'u huɗu na jikin mutum. Amma su dangantakar sauti da sauti suka duba. Shi kuwa sakan ɗin da ake ƙirga 432 da shi, ai ɗan'adam ne ya yanka shi.

Mu dubi gida. Mai goge a Miga ko Haɗejiya yana ɗaure tsirkiyarsa daidai da muryar mawaƙi. Mai kalangu yana matsa shi a hammata har ya kwaikwayi hawa da saukar maganarmu. Danshin fadama da damina yana sassauta fatar ganga, hunturu ya ɗame ta. Duk da haka kiɗan yana daɗi, domin daɗin yana cikin jituwar sautuka ne.

Saboda haka, jama'a, mu da muka shiga aji, nauyi ne a kanmu mu faɗa wa yara da marasa lafiya gaskiya: babu ingantacciyar hujjar cewa wannan lamba magani ce. Mai zazzaɓi ya nufi asibiti, kada ya tsaya sauraron waya.

Allah Ya ƙara mana fahimta, Ya mai da kowa gidansa lafiya.