Sarki Ahab da Gonar Nabot



Zan fara ne daga bayan rasuwar Sulaimanu, domin shi da mahaifinsa Dawuda annabawa ne a wurin Musulmi, kuma tarihinsu na bukatar zama na musamman. Wajen shekara ta 930 kafin haihuwar Annabi Isa, mulkin Bani Isra'ila ya rabu biyu: Yahuza a kudu, Isra'ila a arewa. Sarkin arewa na farko, Yerobowam, ya ji tsoron idan jama'arsa suka ci gaba da zuwa ibada Urushalima, zukatansu za su koma can. Sai ya ƙera 'yan maruƙa biyu na zinariya, ya ajiye ɗaya a Betel, ɗaya a Dan. Tsoron rasa gadon sarauta ne ya haifi wannan shirka.

Wanda nake so mu tsaya a kansa shi ne Ahab ɗan Omri, da ya yi shekara 22 yana mulki a Samariya. Jarumi ne, rubutun Sarkin Assuriya Shalmanesar na Uku ya ambace shi cikin waɗanda suka tare shi a yaƙin Karkar a shekara ta 853 kafin haihuwar Annabi Isa. Amma Littafin Sarakuna na Baibul bai ko ambaci wannan yaƙi ba. Abin da ya rubuta shi ne Ahab ya auri Yezebel 'yar sarkin Sidon, ya gina wa gunkin Ba'al haikali. Wannan Ba'al ɗin ne Annabi Iliya, wato Ilyasu, ya yaƙa, kuma sunansa ya zo a Suratus Saffat.

A Yezireyel akwai wani talaka, Nabot, mai gonar inabi a jikin fada. Sarki ya ce a yi musaya ko ya saya. Nabot ya ƙi, domin gonar gado ce. Ku mutanen Yusufari da kuke ganin yadda rairayi ke cinye gonaki ta wajen Tulo-Tulowa, ba sai na yi muku bayanin darajar gonar gado ba. Ahab ya koma gida ya kwanta, ya juya fuska, ya ƙi abinci. Yezebel ta rubuta wasiƙu da sunansa, ta buga hatiminsa, ta aika wa dattawan garin: a kira azumi, a kawo shaidun zur biyu su ce Nabot ya zagi Allah da sarki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dattawan nan. Maƙwabtan Nabot ne, sun san gaskiyarsa, amma ba wanda ya ce uffan. Da sunan azumi aka tara jama'a, da sunan kare addini aka jefe shi har lahira.

Iliya ya iske Ahab a cikin gonar, ya faɗa masa hukuncin Allah ido da ido. Sarki ya yage tufafinsa, ya yi azumi, aka jinkirta azabar zuwa zamanin ɗansa. Wajen shekara ta 841 kafin haihuwar Annabi Isa, wani mai suna Yehu ya harbe Yoram ɗan Ahab da kibiya, ya sa aka jefar da gawarsa a filin Nabot.