Idan Tallafi Ya Tsaya: Uwar Marayu da Bazawara a Boɗinga da Shagari

 



An nemi in yi magana a kan talauci. Na roƙi a bar ni in tsaya a kan mutum ɗaya, wato macen da ke riƙe da 'ya'ya ita kaɗai, ko mijinta ya rasu ko ya sake ta, tana sana'arta, sunanta ya taɓa shiga jerin masu karɓar tallafi, sannan aka wayi gari tallafin ya ɗauke. Akwai maza a irin wannan hali, amma namiji in matarsa ta rasu galibi yakan sake aure, ko yaran su koma hannun kaka ko gwaggo. Mace kuwa da yaranta take kwana, da su take tashi.

Daga 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta fito da shirye-shiryen tallafi: N-Power mai biyan matasa Naira 30,000 a wata, da rancen 'yan kasuwa irin su TraderMoni mai farawa da Naira 10,000, da ciyar da 'yan firamare daga aji 1 zuwa aji 3, sai kuma Naira 5,000 a wata ga gidaje mafi talauci, wadda ake haɗawa a biya Naira 10,000 duk wata biyu, mafi yawa a hannun mata. An ɗauki nauyin wannan na ƙarshe da rancen dala miliyan 500 daga Bankin Duniya, da kuma dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta maido. Tun kafin nan ma, tsakanin 2014 da 2016, UNICEF ta gwada biyan iyaye mata Naira 5,000 duk wata uku a kan kowace yarinya mai shekarun zuwa makaranta, a jihohin Sakkwato da Neja, kuma Boɗinga na cikin ƙananan hukumomin da aka yi gwajin. Gwamnatin Aliyu Magatakarda Wamakko ita ma ta riƙa biyan masu buƙata ta musamman Naira 6,500 a wata. Saboda haka mutanen wannan yanki sun san tallafi, sun kuma san ɗaukewarsa.

Mu yi lissafi. A rahoton 2019, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce duk wanda abin da yake kashewa a shekara bai kai Naira 137,430 ba matalauci ne, kuma kashi 87.73 cikin ɗari na mutanen Jihar Sakkwato suna ƙasa da wannan layi, adadi mafi yawa a jihohin da aka auna. Naira 5,000 a wata Naira 60,000 ke nan a shekara. Ko rabin abin da mutum ɗaya ke buƙata bai kai ba, ga shi kuwa gida guda aka ba. Babu macen da ta taɓa naɗe hannu ta rayu da wannan kuɗi. Masu cewa tallafi na sa mata lalaci, ina gayyatarsu su bi lungunan Sifawa ko Kajiji ko Dandin Mahe bayan sallar asuba, su ji ƙarar turmi. Mai tuyar ƙosai ta riga kowa tashi. Akwai mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da mai fura, da mai awara, da mai surfe da dakau, da mai wankau a gidajen ma'aikata.

To in kuɗin bai kai ya kawo ba, me ya sa tsayuwarsa ke karya gida? Nan ne nake son mu daɗe, don nan ne masu tsara shirin a Abuja ba su cika dubawa ba.

Ribar ƙosai ba ta da tabbas. Yau a sayar, gobe a yi kwantai, jibi yaro ya kwanta da zazzaɓi a rufe kasko. Kuɗin tallafi kuwa, duk ƙanƙantarsa, an san yana tafe. Mai shagon unguwa ya sani, shi ya sa yake ba ta tiyar gero bashi, ya ce in an biya ku kya kawo. Mai sayar da gyaɗa a kasuwa ya sani, shi ya sa yake auna mata ba tare da kuɗi a hannu ba. Uwar adashi ta sani, shi ya sa ta yarda ta sa ta a zubi, har ma ta ba ta kwasar farko. Mai kemis ma yakan ɗaga mata ƙafa. Gidan irin wannan mata yana tsaye ne kamar tukunya a kan duwatsun murhu uku: sana'a, da bashi, da ɗan kuɗin da aka san ranar zuwansa. In aka zare na ukun, na biyun ba ya daɗewa, domin ranar da labari ya bazu cewa an daina biya, ranar mai shago zai fara sauya fuska. Ta rasa Naira 5,000, ta kuma rasa amincin da ke samar mata abin da ya ninka haka.

Sai kuma abin ya zo a mummunan lokaci. A farkon 2023 canjin takardun Naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace, kuma mai tuyar ƙosai ba ta karɓar tiransifa. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari. Ma'aikaci an ɗaga masa mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024. Mai dakau babu ƙungiyar ƙwadagon da ta shiga yajin aiki dominta.

Gwamnati ta yi alkawarin Naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15, aka ƙaddamar a Oktoban 2023. Amma sai da lambar NIN ko BVN da asusun da za a tura kuɗin. Macen da ba ta da waya, ba ta taɓa shiga banki ba, wataƙila ma tana cikin takaba lokacin da masu rajista suka zo, ita ce ta farkon faɗuwa a wannan rariya, alhali dominta aka yi shirin. A Janairun 2024 kuma aka dakatar da shugabar hukumar NSIPA mai kula da shirye-shiryen tallafin, Halima Shehu, da ministar jinƙai, Betta Edu, bisa zarge-zargen kuɗi, sannan ranar 12 ga watan aka dakatar da shirye-shiryen hukumar gaba ɗaya. An ce mako shida. Mako shidan ya wuce, tukwanen makarantu ba su koma kan wuta ba. Ku tuna mata ne masu dafa abincin nan. Wadda ke cikinsu mai 'ya'ya a firamare ta yi asara biyu a rana ɗaya: aikinta, da abincin ranar ɗanta. Zargi a Abuja, horo a Shagari.

Abin da ke biyo baya kowa a ɗakin nan ya gan shi. Da farko a rage sanwa, uwa ta ce ta ƙoshi. Daga nan a fara taɓa jari, yau ɗari biyu na magani, gobe ɗari biyar na gero, har ranar da za ta je sayen wake ta tarar kuɗin ba su kai rabin abin da ta saba aunowa ba. Sai akuya ta tafi kasuwa, sau da yawa da ciki. Sai kwanukan jere. Sai a cire babbar yarinya daga makaranta a ɗora mata talla, a tura ƙanana itace. Mutanen Shagari ba sa buƙatar a gaya musu tsadar itace. A Afrilun 2022 mutum 29 daga Gidan Magana, galibinsu yara, suka nutse a ruwan Shagari da jirgin ruwansu ya kife a hanyar zuwa itace. A Mayun 2023 wasu yara 15 daga Dandeji suka bi su, su ma itace suka tafi nema. Allah ya jiƙan su. Tsayuwar tallafi ba ita ta kifar da jiragen ba, amma gidan da ke iya sayen makamashi ba ya cusa ɗan shekara goma a jirgin da ya yi lodi fiye da kima.

Iyayena mata, ba zan koya muku tattali ba, kun fi ni saninsa. Abin da na lura da shi ga waɗanda suka tsallake shi ne sun tsare jari da ƙarfin tsiya. Kuɗin sana'a a ƙulli daban, na cefane daban, ko da ranar za a kwana da kunu. Sun sayar da ɗan akuya sun bar uwar. Sun sauko daga babban adashi zuwa ƙarami na kullum maimakon su fita gaba ɗaya, don wadda ta gaza zubi sau ɗaya takan daɗe ba a sake yarda da ita ba. Kuma ina roƙon ku, duk wadda ba ta da NIN ta daure ta yi, domin duk abin da zai zo nan gaba ta wannan ƙofa zai biyo. Wanda ya ce ki kawo kuɗi ya sa sunanki a jerin tallafi, ɓarawo ne, ki kai ƙararsa wurin mai unguwa.

Yanzu zan juyo kanmu, maza, kuma a yi mini haƙuri. Kafin Abuja ta yanke wa bazawara tallafi, akwai wanda ya riga ta yankewa. A mazhabarmu ta Malikiyya renon yara bayan saki na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin miji, muddin ba wani dalili na shari'a ya kawar da haƙƙin ba. Ci da sha da sutura da muhallin yaran kuwa suna wuyan uba, ko ya sake aure ko bai sake ba. Wannan bashi ne da alƙali ke da ikon yankawa ya kuma tilasta a biya. Amma mace nawa ke zuwa kotu? Ana tsorata ta da cewa in ta yi magana za a ƙwace yaran, sai ta haɗiye. Mutum yana da kuɗin lefen sabuwar amarya, yana cewa ba shi da na tiyar geron 'ya'yansa, kuma yana sahun farko a masallaci ba wanda ya ce masa uffan. Uwar marayu ita ma tana da tumuninta, yaran suna da gadonsu. Gonar albasa ko fadamar shinkafar da mamaci ya bari sai ta shekara biyar a hannun baffa da sunan riƙo, ko damin gero ba ya aikowa. In aka raba gado a kan lokaci, aka rubuta abin da gonar marayu ke bayarwa duk kaka, gidaje da yawa ba za su jira kowa daga Abuja ba.

Inda babu uba babu gado, nauyin ya koma kan baitulmali da jama'a. Malamai sun san ƙissar Sayyidina Umar, wanda ya yanka wa yara rabo daga baitulmali amma sai bayan yaye. Da ya gano wata uwa na gaggauta yaye jaririnta don ya shiga rabon, sai ya sauya doka ya mai da ita daga haihuwa. Ya fahimci sharaɗin da hukuma ta gindaya shi ke sa uwa ta cutar da ɗanta, ya gyara sharaɗin.

Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada wani abu da ya kamata mu duba. Shirinsu na tallafi ya riƙa biyan sefa 10,000 a wata, kuma tun ranar farko mace ta san wata 24 ne. A wasu ƙauyuka an haɗa da ƙungiyoyin ajiya da rance na mata, da koyar da kasuwanci, wasu matan kuma aka damƙa musu sefa 80,000 dunƙule a matsayin jari. Binciken da mujallar Nature ta buga a 2022 ya nuna kuɗin shigar matan da abincin gidajensu sun ƙaru. Wadda ta san ranar da za a sallame ta tana iya shiri, ta sayi tunkiya, ta rage bashi, ta ƙara kasko.

Muna da inda za a fara. Jiharmu na da Hukumar Zakka da Waƙafi, kuma ana tattara zakkar amfanin gona a gundumomi. Buhun da ake rabawa da azumi alheri ne, amma yakan ƙare kafin ƙaramar salla, kuma mai shago ba ya ba da bashi a kansa. Da za a ware wani kaso a riƙa biyan iyayen marayu kaɗan-kaɗan a rana sananniya kowane wata, a faɗa musu watan ƙarshe tun farko, a sallame su da uwar akuya ko injin markaɗe, da an fi cin moriyar dukiyar. Hanyar isa ga matan ma ba sabuwa ba ce a ƙasar nan. Nana Asma'u ta kai ilimi ƙauyuka ta hannun mata malamai da ake kira jaji a ƙungiyar 'Yan Taru, a yau kuma malaman islamiyyun matan aure sun san kowace bazawara da uwar marayu a unguwarsu fiye da duk wani mai rajista da za a turo da kwamfuta.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari su kai rajistar NIN har mazaɓu, kyauta, kuma duk tallafin da zai bi ta hannunsu a sanar da ranar farawarsa da ta ƙarewarsa a masallatai da kasuwanni. Ina roƙon alƙalanmu su riƙa yanka kuɗin ciyar da yara a zaman da aka tabbatar da saki, kada a jira mace ta dawo da kuka. Iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku, a bincika gonakin marayun da ke hannun dangi kafin kaka mai zuwa.