Jawabi ga masu ciwon sukari: in likita ya rage maka magani

Iyayena maza da mata, 'yan uwana na nan Madekali, ni ne mai yi muku fassara a ofishin kariya.

Makon jiya wani dattijo ya same ni ransa a ɓace. Ya ce a gida ƙwaya biyu yake sha, a nan likita ya mayar da shi ɗaya, wai don mu baƙi ne ake mana rowa. Baba, ba rowa ba ce.

Likita yana auna magani ne daidai da abincin da mutum ke ci. A gida ana ɗora tukunya sau uku. Yanzu da yawanmu sau ɗaya ne ko biyu, jiki ma ya rame. Ita kuwa ƙwayar glibenclamide da allurar insulin, ko ka ci ko ba ka ci ba, sai sun saukar da sukari. In awo ya yi ƙasa da 0,70, wato 70 a wasu na'urori, akwai hatsari: gumi, rawar jiki, jiri, har suma. Yawan sukari a hankali yake ɓarna, amma faɗuwarsa na iya kayar da mutum nan take. Shi ya sa likitoci ke rage magani, musamman ga tsofaffi da masu ciwon ƙoda. Metformin ma ana rage ta in ƙoda ta yi rauni.

Sai dai ragewa ba warkewa ba ce, kuma aikin likita ne. Kada ka raba ƙwayarka da maƙwabci. Mai allurar insulin kada ya daina da kansa.

In za ku asibiti, a nan ko a Malanbil, ku tafi da tsohon kwalin magani da takardarku. Ku faɗi gaskiyar sau nawa kuke cin abinci, babu kunya a ciki. Mai niyyar azumi ya fara sanar da likita.

In alamun nan suka zo, a dama ƙaramin cokali uku na sukari a ruwa a ba shi, bayan minti 15 in bai ji dama ba a ƙara. Wanda ya suma kada a ɗura masa komai, a garzaya da shi asibiti.

Wanda Faransanci ke ba wuya ya neme ni, zan raka shi. Allah Ya ba mu lafiya.